Sammacin Kama da Haƙƙin Jama'a na Duba Rajistarsa: Misali daga Amurka

Gabatarwa

Manufar wannan takarda ita ce yin bayani a kan wani ɓangare na sha'anin shari'a wanda ba a cika kula da shi ba, wato yadda ake adana takardun izinin kama mutane, da kuma ko talaka yana da hanyar da zai bi ya san cewa akwai irin wannan takarda a kansa. Mun zaɓi ƙasar Amurka ne domin a can al'amarin ya fito fili ƙwarai, har ya kai gaban Kotun Ƙoli ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba.

Kafin mu yi nisa, ya kamata mu warware wata 'yar matsala ta kalma. Asalin sammaci kira ne, wato takardar da alƙali kan aika wa mutum cewa ya zo kotu ran kaza. Takardar da ke ba ɗan sanda izinin kama mutum kuwa daban take, wasu kan kira ta waranti. To, amma tun da kafofin watsa labarai sun sa kunnen jama'a ya saba da "sammacin kama", da shi za mu yi amfani, ko da yake a ganinmu haɗa su a kalma ɗaya yana rufe wani babban bambanci. Sammacin kira ba ya da amfani sai an sanar da mai shi. Na kama kuwa yana iya yin shekara goma yana jiran mutum, shi bai sani ba.

Inda ake ajiye sammacin da wanda ke iya ganinsa

Gyara na huɗu da aka yi wa Tsarin Mulkin Amurka a 1791 ya shardanta cewa ba za a ba da sammaci ba sai da ƙwaƙƙwaran dalili, wanda aka ƙarfafa da rantsuwa, tare da fayyace wanda za a kama. Wannan shi ne wanda 'yan sanda kan nema idan suna zargin mutum da laifi. Akwai kuma iri na biyu, wanda alƙali kan bayar da kansa idan an kira mutum kotu bai zo ba. Sau da yawa tushen irin wannan bai wuce laifin tuƙi ko tarar da ba a biya ba.

Babu wata rajista guda ɗaya ta ƙasa baki ɗaya wadda jama'a ke iya dubawa. Amurka tana da jihohi 50 da gundumomi fiye da 3,000, kuma galibi kowace gunduma da akawun kotunta da Sherif ɗinta, wato shugaban 'yan sandan gunduma, wanda a yawancin wurare jama'a ke zaɓa. Hukumar FBI ta buɗe wata babbar ma'ajiya a 1967, ana kiranta NCIC, inda ɗan sanda yana cikin motarsa zai iya duba sunan mutum cikin ƙiftawar ido. Sai dai ƙofar wannan ma'ajiya a rufe take ga talaka. Shi sai ya bi gunduma gunduma. Wasu sun sa sunayen a intanet. Jihar Florida ma tana da shafin da kowa ke iya bincikawa, amma hukumar da kanta tana gargaɗin cewa abin da aka gani a wurin ba tabbaci ba ne cewa sammacin yana nan da ransa. Wasu gundumomin kuwa sai mutum ya buga waya, ko ya je da ƙafarsa.

Ɓoye wani sammacin yana da hujjarsa, ba mu musun haka. Dokar kotunan tarayya ta ba alƙali ikon rufe takardar tuhuma har sai wanda ake nema ya shiga hannu, don kada ya ji labari ya tsere. Amma wannan hujja ba ta hau kan mai bashin tara ba. Abin da kotu ke so da shi shi ne ya zo, ta yaya kuwa zai zo alhali bai san ana nemansa ba?

Idan rajista ta yi kuskure

Masu iya magana sun ce kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Duk rajistar da hannaye da yawa ke rubutawa a ciki, ba ta rasa kuskure. Alal misali, a watan Yuli na 2004 wani mutum mai suna Herring ya je ofishin Sherif na gundumar Coffee a jihar Alabama domin ya ɗauki wani abu daga motarsa da aka tsare. Wani jami'i da ya san shi ya sa aka duba ko akwai sammaci a kansa. Ba a samu ba. Sai aka tambayi gundumar Dale da ke makwabtaka, akawunta ta duba kwamfuta ta ce akwai. Nan take aka bi shi aka kama shi, aka caje shi, aka sami miyagun ƙwayoyi da bindiga. Ba a yi minti goma sha biyar ba sai ga labari daga Dale cewa ai an janye sammacin tun wata biyar da suka wuce, ba a dai goge shi daga kwamfuta ba ne. A 2009 Kotun Ƙoli, da rinjayen alƙalai 5 a kan 4, ta yanke cewa za a iya amfani da abin da aka samu a jikinsa a matsayin shaida, domin kuskuren sakaci ne, ba ganganci ba. Tun a 1995 ma kotun ta yanke makamancin wannan hukunci a shari'ar Evans ta jihar Arizona, inda aka kama mutum da sammacin da aka soke kwana 17 kafin ranar.

Wani zai ce ai dama mutanen nan ba su da gaskiya. Haka ne. To, amma su ne muka ji labarinsu saboda an same su da wani abu, har magana ta kai Kotun Ƙoli. Wanda aka kama bisa kuskure, aka caje shi a gaban jama'a ba a sami komai ba, ya kwana a tsare aka sallame shi, da wuya sunansa ya shiga littattafan shari'a. Abin lura kuma shi ne, idan kuskuren rajista ba ya jawo wa hukuma asarar komai, me zai sa ta ɓata lokaci wajen tsabtace ta? Mutum ɗaya ne ya fi kowa buƙatar a gyara, shi ne wanda sunansa ke ciki.

Yawan abin ma ya isa a tsaya a kansa. A shari'ar Strieff ta 2016, kotun ta yarda da shaidar da aka samu a jikin wani mutum wanda aka tsayar ba bisa ƙa'ida ba, saboda da aka duba sunansa an tarar da sammaci a kansa na laifin tuƙi. Mai Shari'a Sotomayor, wadda ba ta goyi bayan hukuncin ba, ta nuna cewa akwai sammaci fiye da miliyan 7 da dubu 800 a ma'ajiyoyin jihohi da na tarayya, mafi yawansu na ƙananan laifuffuka. Haka kuma rahoton Ma'aikatar Shari'a na 2015 a kan garin Ferguson na jihar Missouri, mai mutane kimanin 21,000, ya nuna cewa a Disamban 2014 fiye da mutum 16,000 ne ke da sammacin kotun garin a kansu. Ba dukansu ne mazauna garin ba, amma duk da haka adadin abin tsoro ne.

Wahalar tambaya

Ko inda doka ta buɗe rajista, tambayar kanta tana da haɗari. Wanda ya shiga ofishin Sherif ya ba da sunansa, idan aka tarar da sammaci, yana iya kwana a can. Idan kuwa ya zauna gida, kowace rana yana iya gamuwa da ɗan sanda a hanya: gaba kura, baya siyaki. Mai hali yakan aiki lauya ya tambayo masa, har ya nemi alƙali ya janye sammacin ya sa sabuwar ranar zama. Maras hali sai ya faɗa hannun kamfanonin da ke sayar da bayanan da suka kwana biyu, ko 'yan damfarar da kan bugo waya su ce akwai sammaci, a turo kuɗi a kashe magana, abin da kotunan tarayya suka sha yi wa jama'a gargaɗi a kansa.

A watan Agusta na 2005 an gwada wata dabara a birnin Cleveland na jihar Ohio. An mai da wani coci kotu na kwana huɗu, aka kawo alƙalai da lauyoyi, aka yi shela cewa duk mai zaton ana nemansa ya zo a duba lamarinsa cikin lumana. Fiye da mutum 800 suka kawo kansu, mafi yawansu kuma suka koma gida a ranar. Daga baya an maimaita shirin a wasu birane. Sai dai shiri ne na 'yan kwanaki. Da aka kwashe kujerun alƙalai daga cocin, mai son tambaya sai ya koma ƙofar Sherif.