Kwalejin Katsina da Farkon Rubutun Hausa na Boko

A cikin shekarar 1921 aka fara karatu a Kwalejin Katsina, sa'an nan Gwamna Clifford ya zo ya buɗe ta da kansa a watan Maris na 1922. Kafin wannan lokaci ilmin boko a Arewa bai wuce na makarantun lardi ba, waɗanda suka samo asali daga makarantar da Ɗan Hausa, watau Hans Vischer, ya kafa a Nasarawa ta Kano a 1909. Makarantun nan kuwa sun rasa malamai 'yan ƙasa, kuma saboda wannan rashi aka kafa kwalejin.

An zaɓi Katsina domin sunan da ta yi tun zamanin da a kan karatu. Har wa yau jirgin ƙasa bai biyo ta can ba, abin da Turawan mulki suka ɗauka alheri ne, gama suna gudun kada yaran su cuɗanya da baƙin ra'ayoyin da suka ga sun yaɗu a Ikko. Ginin na ƙasa ne, yaran kuma daga lardunan Musulmi aka tsamo su, kaɗan kaɗan, su yi shekara biyar.

Babban abin da aka matsa musu a kai shi ne Turanci, musamman lafazinsa, har aka riƙa gane ɗan Kwalejin Katsina da ya buɗe baki. Ahmadu Bello ya shiga a 1926, Abubakar Imam a 1927, Abubakar Tafawa Ɓalewa a 1928.

To, a nan ne abin lura yake ga mai nazarin Hausa. Da Rupert East na Ofishin Fassara ya nemi a rubuta labaran ƙirƙira da Hausa a 1933, waɗanda suka amsa kiran akasari malaman makaranta ne, biyu daga cikinsu kuwa ba su daɗe da barin kwalejin ba. Imam ya rubuta Ruwan Bagaja, Tafawa Ɓalewa ya rubuta Shaihu Umar. Watau makarantar da aka gina don a kyautata Turanci ita ce ta ba da mutanen da suka ɗora harsashin zuben Hausa na boko. Ba daidai ba ne a ce Turancin kaɗai ya yi aikin, domin Imam ɗan gidan malamai ne, kuma Larabcin da ya tashi da shi ya fito fili a littattafansa. Abin da kwalejin ta ƙara masa shi ne sabo da littafin da ake karanta shi don jin daɗi kawai.

A 1938 aka mai da makarantar Kaduna, a 1949 kuma Zariya, inda daga baya ta sami sunan Kwalejin Barewa.