Shayin ganyen Sin da ake cewa yana maganin zazzaɓi: abin da ya kamata iyalai su sani

Jama'a, da shigowar damina a nan Gallabat sauro kan yi yawa, zazzaɓi ya ƙaru, masu tallan magani su ma su ƙaru. Cikin abin da ake tallatawa akwai busasshen ganye na ƙasar Sin, wani a leda, wani a kwali mai rubutun da ba ma iya karantawa. Ana cewa a dafa shi kamar shayi, wai yana kashe zazzaɓin cizon sauro. Ga bayani a kansa.

Wane ganye ne?

Sinawa suna kiransa Qinghao, masana kuma Artemisia annua. Ɗan'uwan tazargade ne, yana da ɗaci da ƙamshi mai ƙarfi. Sinawa sun daɗe suna shan sa saboda zazzaɓi. A 1972 wata masaniya mai suna Tu Youyou da abokan aikinta suka ware sinadarin artemisinin daga cikinsa, aka ba ta kyautar Nobel a 2015. Daga wannan sinadari aka samo maganin Coartem da ake bayarwa a asibiti. Ke nan ganyen yana da asali, amma shayinsa da ƙwayar asibiti ba ɗaya ba ne.

Me ya sa shayin ba ya isa?

Na farko, yawan sinadarin yana bambanta daga ganye zuwa ganye, gwargwadon inda aka shuka shi da yadda aka shanya aka adana. Na biyu, sinadarin ba ya narkewa sosai a ruwa. Na uku, yana saurin fita daga jiki, shi ya sa aka haɗa shi da wani magani mai daɗewa a cikin Coartem, domin ya ƙarasa sauran ƙwayoyin cutar. Shayin kan iya sassauta zafin jiki, sai a ɗauka an warke, alhali cutar tana nan, ta dawo da ƙarfinta. Ƙwayoyin da suka tsira kuma suna iya daina jin magani. An riga an ga alamun haka a Eritiriya da Ruwanda da Yuganda. Saboda haka a 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ba ta goyon bayan shan wannan ganye don magani ko rigakafin zazzaɓin cizon sauro.

Ba kowane zazzaɓi ne na sauro ba

Jihar Gadarif tana cikin wuraren da cutar kala-azar ta fi yawa a Sudan. Wani ɗan ƙaramin ƙwaro ne ke yaɗa ta, yana zama inda baƙar ƙasa ke tsagewa da wuraren da ke da aduwa. Alamunta su ne zazzaɓin da ya wuce mako 2, ramewa da kumburin saifa. Idan ba a yi magani ba tana kisa, kuma babu shayin da ke warkar da ita.

Waɗanda bai kamata su sha ba

Mai juna biyu, mai shayarwa, ƙananan yara, mai ciwon hanta ko ƙoda, da duk wanda ke kan wani magani, sai in ma'aikacin lafiya ya yarda.

Idan babba mai lafiya ya nace sai ya sha

1. A fara kai ledar ko kwalin asibitin sansani a duba. Abin da ba a san sunansa ba, ba a sha.
2. A zubar da ganyen da ya yi funfuna, ya jiƙe ko yake wari.
3. A tafasa ruwa mai tsabta, a sauke, a zuba a kan ɗan ganye kaɗan. A rufe minti 10 zuwa 15, a tace.
4. A fara da rabin kofi, a saurari jiki har kwana guda.
5. Kada a gauraya shi da wasu saiwoyi ko ƙwayoyi, kada kuma a mai da shi abin sha na kullum.
6. Wanda ya kwana a zubar, domin zafi yana saurin lalata shi.

Idan aka ga ƙuraje, ƙaiƙayi, amai, jiri, fitsari ya yi duhu ko ido ya yi rawaya, a daina nan take a tafi asibiti da ragowar ganyen.

Idan zazzaɓi ya kama wani a gida

A kai shi gwaji a ranar, kada a jira a ga aikin shayi. Ɗigon jini ɗaya ake ɗauka a yatsa, sakamako ya fito cikin kamar minti 20. Idan an ba da Coartem, a sha sau 2 a rana har kwana 3, tare da madara ko abinci mai maiƙo, kuma a shanye duka ko da an ji sauƙi. Yaron da ke jijjiga, ko ya kasa sha, ko yake amayar da komai, ko ya suma, a garzaya da shi ko da tsakar dare ne. Kowa kuma ya kwana cikin gidan sauro.

Wanda ya iya karatu ya karanta wa maƙwabtansa. Allah Ya ba mu lafiya.