HAƘORIN MAKKA DA LAFIYAR HAƘORIN ASALI

1.0 Gabatarwa

A unguwannin cikin birnin Kano, irin su Yakasai da Jakara da Ƙofar Mata, idan Hajiya ta dawo daga aikin Hajji, murmushinta kan riga bakinta ba da labari. Haƙorin zinariya ko na azurfa da ke ƙyalli a bakinta shi ake kira haƙorin Makka. Galibi ba cire haƙori ake yi a dasa wani ba, kwanso ne ake kifawa a kan na asali. A wannan darasi za a duba abin da irin wannan kwanso yake yi wa haƙorin da ke ƙarƙashinsa.

1.1 Ƙirar Haƙori

Baligi yana da haƙora 32, kowanne kuma hawa uku ne. Na waje shi ne ɓawo, wanda likitoci ke kira inamel. Babu abin da ya kai shi tauri a jikin ɗan Adam, amma kaurinsa bai wuce milimita 2.5 ba, yana kuma ƙara siranta wajen dasashi. A ƙarƙashinsa akwai dantin, mai ɗauke da ƙananan kafofi masu zarcewa zuwa ciki. A can tsakiya kuwa akwai ɓargon haƙori, inda jijiyoyi da hanyoyin jini suke. Abin lura shi ne, farce da gashi suna sake tofowa, amma ɓawon haƙori idan ya tafi ya tafi ke nan.

1.2 Ire-iren Lulluɓin Haƙori

Lulluɓi iri biyu ne. Na farko shi ne kwanso ko hula, wanda ke rufe haƙori ta kowane ɓangare. Haƙorin Makka a wannan rukuni yake. Likita kan sanya hula domin ceto haƙorin da ya tsage ko ya ruɓe sosai. Na biyu shi ne falle, wato siririn tangaran da ake mannawa a fuskar haƙoran gaba kawai. Wani likitan Amurka, Charles Pincus, shi ya fara yi wa 'yan wasan fim irinsa a 1928.

Kafin a manna falle akan kankare kimanin rabin milimita daga fuskar haƙori. Hular asibiti kuwa takan buƙaci milimita 1 zuwa 2 a kewaye. Wani bincike da aka wallafa a 2002 ya nuna cewa falle kan ci kashi 3 zuwa 30 cikin ɗari na saman haƙori, hula kuma kashi 63 zuwa 72. Kwanson ado ya fi siranta, ba ya bukatar fiƙa mai yawa haka, amma sau da yawa sai an goge gefen haƙori kafin ya shiga.

1.3 Illoli

Na ɗaya, idan kankara ta isa dantin, ruwan sanyi ko koko mai zafi kan sa haƙori tsami da zogi. Na biyu, zafin injin fiƙa yana iya raunata ɓargo har jijiya ta mutu, ƙurji ya biyo baya. Na uku, wanda shi ya fi shafar haƙorin Makka, idan bakin kwanso bai zauna daram ba, guntun abinci da zaƙi sukan maƙale a ciki, inda aswaki da buroshi ba sa kaiwa. Zinariya ba ta ruɓewa, amma haƙorin da ta rufe yana iya cinyewa a ɓoye, mai shi bai sani ba sai ciwo ko warin baki ya tona asiri. Na huɗu, gefen kwanso mai kaifi kan sa dasashi kumburi da zubar jini. Haka nan kayan aikin da ba a tsabtace ba suna iya yaɗa ciwon hanta.

1.4 Kariya

Wanda ya riga ya sanya, sai ya riƙa goge baki sau biyu a rana da man da ke da sinadarin fuloraid, ya kuma tsabtace tsakanin haƙora. Idan kwanso ya fara girgiɗi, kada a ɓamɓare shi a gida. A garzaya sashen haƙori na Asibitin Murtala ko na Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano.

1.5 Kammalawa

Haƙorin Makka alama ce ta murna da alfahari da sauke farali, kuma ba aikin malami ba ne ya kushe al'adar iyayen ɗalibansa. Aikinsa shi ne ya fahimtar da su bambanci tsakanin lulluɓin da magani ya tilasta da wanda ado ya kawo, domin haƙorin da aka fiƙe zai bukaci sutura har ƙarshen rayuwa.

Aikin Yi

1. Kawo hawa uku na haƙori da amfanin kowanne.
2. Mene ne bambancin hula da falle?
3. Tattauna da wata Hajiya a unguwarku game da dalilin sanya haƙorin Makka, sannan ka rubuta rahoto.