Shirin Musamman: Yaron da Ke Buga Gem Zai Iya Ƙera Nasa

(KIƊAN BUƊE SHIRI)

MAI GABATARWA: Shirin yau na iyaye ne da malaman makaranta, da kuma 'ya'yanmu na Hotoro da Tarauni da Gyadi-Gyadi da sauran unguwannin birnin Dabo. Duk mai yara a gida ya san rigimar waya: da ka ajiye ta sai ta yi ɓatan dabo, sai can ka tarar da ita a hannun auta yana buga gem. Tambayarmu ita ce, yaron nan da ya goge wajen buga abin da wasu suka ƙera, zai iya ƙera nasa? Zai iya, ko da ɗan aji biyar na firamare ne. Ku gyara zama ku ji yadda ake yi.

(KIƊA)

MAI GABATARWA: Gem ɗin da za mu ɗauka shi ne na tsalle kan dakali. Ɗan wasa ya ruga, ya daka tsalle, ya dira kan dakali, ya tsallake rami, ya nufi gaba. Kamfanin Nintendo na Japan ne ya fito da martabar irin wannan wasa, da Donkey Kong a 1981, sannan Super Mario Bros. a 1985, dukansu daga hannun Shigeru Miyamoto. Da yawa daga cikin magidantan da ke jin mu yanzu sun buga Mario suna yara.

A wancan zamani sai ƙwararru ke iya haɗa irin wannan aiki. Yanzu akwai manhajar Scratch, wadda jami'ar MIT ta Amurka ta saki a 2007 a ƙarƙashin jagorancin Farfesa Mitchel Resnick. Shi Resnick almajirin Seymour Papert ne, haifaffen Afirka ta Kudu, wanda shi da abokan aikinsa suka ƙirƙiro wa yara harshen Logo tun 1967. Aƙidar Papert ita ce yaro ya zama shi ke ba kwamfuta umarni. An shirya Scratch musamman don 'yan shekara 8 zuwa 16, kyauta ce, kuma Hausa na cikin harsunan da mutum zai iya zaɓa a cikinta.

Ba a rubuta dogon umarni a Scratch. Umarnin ya zo ne a matsayin tubala masu launi-launi: shuɗi na motsi, rawaya na fara aiki, kore na lissafi. Yaro zai jawo tubali da linzamin kwamfuta ya manna shi ƙarƙashin wani, kuma tubalin da bai dace da gurbi ba ba zai shiga ba. Saboda haka hankalinsa na kan tunani, kuskuren harafi ba ya tare masa hanya.

(KIƊA)

MAI GABATARWA: Masu sauraro, ku tuna 'yar gala-gala da 'yan mata ke zanawa a ƙofar gida. Idan kin taka layi, kin faɗi. Idan kin kammala gidaje, kin ci gida. Duk wasan a kan "idan kaza ya faru, to a yi kaza" yake tafiya, kuma da wannan ƙa'idar ake gina gem.

Da an buɗe Scratch za a ga kyanwa tsaye a tsakiyar fili. Faɗin filin taki 480 ne, tsayinsa 360. Tsakiya ita ce sifili. Layin kwance ana kiransa x, daga -240 a hagu zuwa 240 a dama. Na tsaye kuma y, daga -180 a ƙasa zuwa 180 a sama. Aikin farko, yaro ya zana ƙasa da dakali biyu ko uku. Sai ya ɗauko tubalin koriyar tuta, wanda ke tayar da wasa, ya manna masa tubalin maimaitawa har abada. A cikinsa ya sa sharaɗi biyu: idan an danna kibiyar dama a ƙara wa x 5, idan an danna ta hagu a rage 5. Ga kyanwa ta fara tafiya.

Tsallen shi ne inda gizo ke saƙa. Yawancin masu koyo kan ce wa kyanwa ta hau taki 50, ta ɗan jira, ta sauko taki 50. Ido na gani zai ce wannan ba tsalle ba ne, domin babu abin da ke tashi haka a duniya. Ka wurga dutse sama ka lura: da ƙarfi yake tashi, ya riƙa rage gudu, ya tsaya kamar ƙiftawar ido, sannan ya juyo yana ƙara gudu har ya faɗo.

Don kwaikwayon haka, yaro zai buɗe ma'ajiyar lamba ya raɗa mata suna, misali "gudun sama". A kowane zagaye, kyanwa ta matsa sama daidai da lambar da ke ciki, sannan a cire 1 daga lambar. Da an danna maɓallin tsalle, a mayar da lambar 12. Kyanwa za ta tashi taki 12, sai 11, sai 10, har zuwa 1. Jimilla taki 78 ke nan. Daga nan lambar ta zama sifili, ta zarce zuwa -1, -2, -3, sai kyanwa ta kama saukowa tana ƙara sauri. Scratch na yin wannan zagaye kusan sau 30 a daƙiƙa ɗaya, don haka tashin gaba ɗaya bai kai rabin daƙiƙa ba. Wannan cire 1 da ake yi shi ne ƙarfin da ƙasa ke jawo abubuwa da shi, darasin da ɗalibai ke haddacewa a fizis na sakandare. Ga shi ɗan shekara goma ya gina shi da hannunsa, kuma ya gane amfanin lambar da ke ƙasa da sifili tun kafin ta zo masa a jarrabawa.

(KIƊA)

MAI GABATARWA: Saura dira. Sai yaro ya ce: idan kyanwa ta taɓa dakali, a ɗaga ta taki ɗai-ɗai har ta daina nutsewa, a mayar da gudun sama sifili. Umarnin tsalle kuma a cikin wannan sharaɗi ake sa shi. In an manta an bar shi a waje, kyanwa za ta riƙa tsalle a kan iska har ta kai rufin fili. In dakalin ya cika siriri, kyanwar da ta faɗo da gudu za ta ratsa shi ta wuce, saboda takunta ɗaya ya fi kaurinsa. In ta buga kai a ƙasan dakali, wani lokaci sai a gan ta ta ɓullo a samansa.

Iyaye, in kun ga yaro ya haɗa rai gaban irin wannan matsala, ku bar shi ya yi ta fama. Kwamfuta abin da aka gaya mata kawai take yi, don haka dole ya koma ya bi tubalansa ɗaya bayan ɗaya har ya gano inda tunaninsa ya karkace. Haƙurin bin diddigi irin wannan shi ne babbar ribar aikin, kuma zai yi masa rana ko likita ya zama ko bakanike.

Daga nan sai ƙawa. Ya zana jan rami, duk wanda ya taɓa shi ya koma farko. Ya buɗe wata ma'ajiyar don ƙirga maki. Ya cire kyanwar ya zana yaro da hula ko yarinya da hijabi, ya sa Dutsen Dala ko gadar Dangi a bayan fili, ya ɗauki muryarsa da Hausa tana shelar nasara.

(KIƊA)

MAI GABATARWA: Na san wani zai ce, ina wuta, ina data, ina kwamfutar? Gaskiya ne, kukan na da tushe. Amma akwai Scratch da ake saukewa sau ɗaya ta yi aiki ba intanet, kuma ana iya kwafarta a filas a zuba wa wasu kwamfutocin. Tsohuwar kwamfutar tafi-da-gidanka guda ta ishi yara uku: ɗaya na zane, ɗaya na jera tubala, ɗaya na gwadawa, sannan su yi musanya. Ƙaramar waya dai ba ta dace da aikin ba, sai kwamfuta ko babbar ta hannu.

Basira kuwa ba mu rasa ta ba. Ku leƙa kasuwar waya ta Farm Centre a nan Tarauni ku ga yadda matasa ke farke waya su gyara, su zuba mata manhaja. Abin da ya rage shi ne mu ma mu riƙa ƙera manhajar. Tun 2015 hukumar JAMB ta mayar da jarrabawarta kacokan kan kwamfuta. A shekarar ne kuma aka fara Africa Code Week, don koya wa yaran Afirka wannan fanni da Scratch. A 2023 gwamnatin tarayya ta ƙaddamar da shirin 3MTT don horar da mutum miliyan uku kan fasahar zamani. Yaron da ya fara tun firamare zai isa waɗannan ƙofofi da shirinsa. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Don haka muna kira ga shugabannin makarantu na Hotoro da Tarauni da Gyadi-Gyadi: in akwai ɗakin kwamfuta, a buɗe shi, a ware ko da awa ɗaya a mako don yara su ƙera abu da kansu. Ƙungiyoyin iyaye da malamai su sa baki. Matasan da suka karanci kwamfuta su ba ƙannensu na unguwa lokaci a ranar Asabar. Iyaye kuma a tsara lokaci yadda ba zai ci karo da salla da Islamiyya da aikin gida ba, a sa ido kan abin da yaro ke buɗewa in ya hau intanet, kuma a ba 'ya'ya mata dama daidai da maza.

A nan za mu dasa aya. Allah Ya raya mana zuri'a, Ya ba su ilimi mai amfani. Mu kwana lafiya.

(KIƊAN RUFE SHIRI)