Hikimar hatsi a lokacin fari

Ƴan'uwa manoma na Gazawa, Agye da Gidan Rumji, kun san abin da kan auku idan ruwan sama ya ɗauke kwana goma ko sha biyar bayan shuka: hatsi ya daina tsawo, ganye ya naɗe, hankalin maigona ya tashi har ya fara tunanin sake shuka. Kafin a yanke wannan shawara, ya kamata a san abin da ke gudana a ƙarƙashin ƙasa.

A cikin jikin tsiro akwai wani sinadari mai suna asid absisik, wanda masana ke taƙaitawa ABA. An gano shi a shekarar 1963, a Amurka cikin ƴaƴan auduga, a Birtaniya kuma cikin ganyen itace. Sinadarin nan tamkar ɗan aike ne. Da zarar ƙasa ta soma bushewa, sai yawansa ya ƙaru, ya kai labari ga kowane sashe na tsiro.

Aikinsa na farko a ganye yake. Akwai ƙananan ƙofofi a jikin ganye waɗanda ido ba ya gani. Ta nan iska ke shiga, ta nan ruwa ke fita. ABA shi ke sa a rufe su. Ruwa ya daina zurarewa, amma abincin da ganye ke haɗawa ya ragu, girman kara ya tsaya.

Aikinsa na biyu a saiwa yake. A 1990, masana na Jami'ar Misuri a Amurka sun nuna, kan masara, cewa a busasshiyar ƙasa sinadarin yana hana kara tsawo, alhali yana taimakon saiwa ta ci gaba da nutsewa neman laima. Masu binciken cibiyar ICRISAT, wadda ke da reshe a Sadore kusa da Yamai, sun gano a 2010 cewa wasu irin hatsi masu jure farin ƙarshen damina sun fi sauran yawan ABA a ganye, suna kuma tattalin ruwa.

Ashe ke nan tsayawar ƙaramin hatsi a jigawa ba kullum mutuwa ba ce. Maigona ya duba da sassafe: in ganye ya buɗe bayan sanyin dare, kuma zuciyar tsiron tana kore, to akwai rai, kada a yi gaggawar sake shuka. A yi noma da wuri domin haki kada ya sha ɗan ruwan da ya rage, a rage tsiro a bar uku cikin rami, a dakata da zuba takin zamani har ruwa ya dawo.

Sai dai jurewar nan tana da iyaka. Farin da ya faɗa lokacin da hatsi ke fidda kai ya fi kowane ɓarna, domin a sannan tsiro ba ya iya jira. Waɗanda suka ga 1973 da 1984 shaidu ne. Saboda haka irin da ke nuna da wuri, kamar HKP na cibiyar INRAN, ya cancanci wuri a gonakinmu tare da zango na gargajiya.

Allah ya ba mu damina mai albarka.