Kalangu da Kwamfuta: Tsara Kiɗa ta Hanyar Rubuta Umarni

A wannan ɗan taƙaitaccen bayani za mu duba yadda ake tsara kiɗa ta hanyar rubuta wa kwamfuta umarni, da kuma inda wannan fasaha ta shafi ɗalibin Hausa.

Tarihi ya nuna cewa a shekarar 1957 ne Max Mathews, a ƙasar Amurka, ya rubuta shirin da ya sa kwamfuta ta fitar da amon kiɗa. Daga baya aka sami SuperCollider a 1996, sannan Sam Aaron ya ƙirƙiro Sonic Pi a Jami'ar Kambirij ta Ingila. Kowanne daga cikinsu taska ce ta shiryayyun umarnoni, wadda mai rubutu yake ɗiba ba sai ya gina sauti daga tushe ba. A Sonic Pi kowane amo yana da lambarsa. Alal misali, lamba 69 ita ce amon da ke kaɗawa sau 440 a daƙiƙa. Mai rubutu sai ya jera lambobi, ya faɗi tsawon kowacce, ya umarci na'ura ta maimaita.

To, amma a nan ne gizo ke saƙa. Waɗannan lambobi an ɗora su ne bisa matakan kiɗan Turawa guda 12, alhali kalangun da ake kaɗa wa mahauta da 'yan dambe a ƙasar Gaya da Ajingi magana yake yi. Makaɗi yakan matse tsirkiya a hammata amo ya hau, ya sassauta ya sauka, yana bin karin sautin Hausa, wato na sama, da na ƙasa, da mai faɗuwa. Wannan kari ne ya bambanta kuka na hawaye da kuka ta miya. Idan aka sauya shi, take ya tashi daga kirari ya koma ƙara kawai.

Abin farin ciki shi ne, Sonic Pi yana karɓar lamba mai ɓari kamar 60.5, yana kuma iya zamar da amo daga wannan mataki zuwa wancan. Sai dai na'ura ba ta san inda za ta hau ko ta sauka ba, sai an gaya mata.

Saboda haka aikin yana wuyan ɗaliban wannan sashe. Wajibi ne a je wurin makaɗa a ɗauki taken kalangu, a rubuta karinsa gaɓa-gaɓa, domin mai rubuta umarni ya sami abin dogaro.