Ɗankwali a Cikin Ɗaki: Ado ne ko Tsufa?

A zangon Kumasi da Nima ta Akra, gardamar nan ba ta ƙarewa tsakanin uwa da 'ya. 'Yan mata na cewa ɗankwali a cikin ɗaki tsufar da mace yake yi, wai gara hula. Mu dai ba mu yarda ba. Matar da ta haura arba'in, in ta kafa ɗauri da ƙyallen atamfarta, ko suruki ne ya yi sallama ba za ta ruga neman abin rufe kai ba, kwarjininta na nan. Maƙwabtanmu Asantawa ma suna ɗaura nasu, duku. Mai tsufar da mace shi ne koɗaɗɗen ɗankwalin da ya sha hayaƙin murhu, aka ɗaure kamar mai ciwon kai. Wannan kam, Hajiya, a bar shi a madafa.